Akwatin Tsuntsaye Mai Rufin Kwano

Da takalmi wari da wari Baba Kafinta ya sauko daga bene, ɗaya nasa ɗaya na matarsa, ya tsallaka titi bai dubi hagu ko dama ba. Wani mai babur ya taka birki ya aiko masa da baƙar magana, ko waiwayowa bai yi ba. Idonsa na kan tsanin ƙarfen da aka jingina a jikin babbar bishiyar da ke bakin lambun unguwa, da kuma ƙaton saurayin da ya riga ya fara hawa, sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hukumar gari.

"Samari, sauko," in ji shi, yana haki. "Akwatin nan yana da mai shi."

Saurayin ya tsaya, ya dubi wata mata da ke jingine da motar hukuma. Ita ce shugabarsu, mai kula da lambunan wannan yanki na gari, gajeriya ce mai tabarau, da ganinta ka san tun safe take shan rana da surutun mutane. Ta ƙaraso ta gaishe shi da ladabi, ta tambaya ko shi ya kafa akwatin. Baba Kafinta ya daki ƙirji ya ce shi ne, kuma in akwai wanda ya taɓa ganin akwatin tsuntsaye da ya kai wannan kyau a garin nan, ya fito ya faɗa.

Maganar gaskiya, akwatin ya yi kyau. Katako ne mai kauri, an goge shi sumul, an shafa masa koren fenti, ga 'yar ƙofa zagayayya, ga rufin kwano mai tuƙewa kamar na gidan mai hali. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa gidajen mutane rufi ba zai yarda a ce tsuntsayensa na kwana cikin yoyo ba. Wata ragowar kwano ce da ya daɗe yana ajiya a bayan ƙofa, ya yanke ta daidai, ya lanƙwasa bakinta don kada ta yanki kowa.

Dalilin akwatin kuwa yana can hawa na biyu a gidan da ke kallon lambun, kwance a kan gado. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Iya, matarsa, duniyarta ta koma ɗaki ɗaya. Matar da a da in ta buɗe baki a tsakar gida har mai shagon ƙasa sai ya san abin da ake ciki, ta koma kallon silin daga safe zuwa dare. Rediyo ya ishe ta, talabijin na sa mata jiri. Wata rana yana gyara mata matashi ya ga idonta na bin wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan toka da ke wasa a reshen bishiyar nan, har gefen bakinta mai lafiya ya motsa. Shi ke nan, abin nema ya samu. Ya ja gadon ya manna shi da taga, ya cire labulen ya ninke, ya kwana biyu yana ƙwanƙwasa a baranda, sannan ya ari tsani ya kafa akwatin, ƙofarsa na kallon tagar kai tsaye. Autarsu da ta zo ta tarar da aikin ta yi faɗa kamar ta ari baki, wai tsoho da shi yana hawa tsani, so yake ya zame mata majinyaci na biyu. Ya bar ta ta gama. Da tsuntsayen suka fara shiga da ciyayi a baki, ya yi ta murna kamar an yi masa jika.

Shugabar ta saurare shi yana yabon aikinsa, sannan ta yi masa bayani a hankali. Bishiyoyin lambu da na bakin titi na jama'a ne, hukuma ke kula da su. Ba a hana kowa rataya gidan tsuntsaye ba, amma sai an nemi izini, an nuna wa mutum bishiyar da ta dace da ɓangaren da ya dace. Kuma ba a buga ƙusa ko ɗaya, ɗaurewa ake yi da ɗamara mai faɗi wadda za a iya sassautawa in bishiya ta ƙara ƙiba. Duk akwatin da aka kafa da ƙusa an ba su umarnin sauke shi, yau ma nasa ne na ƙarshe a wannan layin.

Baba Kafinta ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin inda aka nemi izini kafin a yi alheri ba. Ya ce ramukan da ke titin nan sun isa su haɗiye jaki, fitilar kwanar can ta mutu tun bara, duk hukuma ba ta gani ba sai ɗan akwatinsa. Mai sayar da lemo da ke gindin katangar lambun ya ce wallahi Baba ya yi gaskiya. Wata mata da ke jiran bas ta sa baki ita ma, ta ce ai ƙarfin hukuma a kan talaka yake ƙarewa. Nan da nan mutane suka fara taruwa, kowa da hukuncinsa. Shugabar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar.

Saurayin ne ya sauko daga tsanin. Ya zare safar hannunsa ta hagu, ya naɗe hannun riga. Wani tabo ne ya taso daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, mai kauri, an ɗinke shi kamar buhu. Ya ce wata tsohuwar bishiya ce iska ta karya, aka tura su su yanka. Ashe shekaru da suka wuce wani ya buga mata ƙusa, ƙila don ya rataya allon talla, bishiya ta girma ta haɗiye ta, ba mai gani daga waje. Sarƙar injin yanka ta ci karo da ita ta tsinke.

"Da a wuya ta same ni, Baba, da wani ne ya zo maka yau."

Baba Kafinta ya ƙura wa tabon ido. Wa za a gaya wa sharrin ɓoyayyiyar ƙusa? Zarto nawa ta karya masa a rayuwarsa, sau nawa ya tsaya a tsakiyar shago yana tsine wa wanda ya bar ƙusa a cikin katako bai cire ba? Yaran da ya koya wa aiki har kwaikwayonsa suke yi in ya ba da baya. Ga shi yau shi da kansa ya zaɓo dogaye, irin waɗanda ake kafa ginshiƙin rufi da su, ya narka su cikin ɗanyen itace don kada iska ta girgiza akwatin. Kunya ta kama shi sosai, har ya rasa inda zai sa idonsa, sai a lokacin ya lura da takalman da ke ƙafarsa.

Amma kunya daban, Iya daban. Ya sassauta murya, ya matsa kusa da shugabar yadda 'yan kallo ba za su ji ba, ya nuna mata tagar da haɓarsa. Daga nan ƙasa ana iya hango farin matashi da inuwar kai a jikin gilashi.

"'Yata, kin ga waccan? Ba ta da abin kallo a duniya sai wannan akwatin. Ƙusa laifina ce, na amsa. Amma kada ki sauke shi tana gani."

Shugabar ta daɗe tana duban tagar. Ta ce ita ma ta yi jinyar mahaifinta, ta san yadda yini yake tsawo ga wanda ke kwance. Sai ta tambaye shi ko akwai 'ya'ya a ciki, domin dokar da ta ce a sauke ita ce kuma ta ce in tsuntsu na kan ƙwai ko yana ciyar da 'ya'ya, ba a raba shi da bishiyarsa sai sun tashi. Baba Kafinta ya washe baki. Ya ce akwai mana, da kunnensa ya ji kukansu, kullum iyayen na safa da marwa da tsutsa a baki. Ashe dokar ma ta san ya kamata. Ya juya ya gaya wa mai lemo cewa shi dama bai taɓa cewa hukuma ba ta da hankali ba, mai lemo ya ce haka ne, Baba, kowa shaida ne.

Ta ce wa saurayin ya hau ya duba. Lokacin rana ta karkata yamma, ta daki akwatin sosai, rufin kwanon sai walƙiya yake yi. Saurayin ya kai hannun da bai mayar wa safa ba ya dafa rufin, ya fizge shi da sauri yana yarfewa. Ya kara kunnensa a jikin katakon, ya ɗan jima a haka. Ya leƙa ta 'yar ƙofar, ya kawar da kai yana toshe hanci. Ya nemi inda ake buɗewa bai samu ba, don Baba Kafinta ya haɗe ko'ina da gam da ƙusa, ko iska ba ta da hanyar wucewa. Dole sai da aka miƙa masa guduma ya ɓanɓare kwanon.

Da ya sauko, hularsa ce a hannunsa, ya riƙe ta kamar mai ɗauke da ƙwai. 'Yan tsaki biyu ne a ciki, gashinsu bai gama fitowa ba, bakunansu a buɗe, sun bushe. Ya ce saura ɗaya a sama, yana numfashi, ya maƙale a kusurwar da ta fi nisa da rana.

Baba Kafinta bai san lokacin da ya matsa ya tare tsakanin hular da tagar ba. Ya tsaya nan, ya ba gidansa baya, yana kallon abin da hannunsa ya yi. Masu kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, matar nan ta ce Allah sarki, bas ɗinta ya zo ta shige. Ba wanda ya ce masa ai ga shi nan, kuma da an faɗa da ya fi masa sauƙi.

Shugabar ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce abin da ya sa ake nuna wa mutum ɓangaren da zai rataya ke nan. Akwatin da ba ya cikin inuwa yana shan ranar la'asar gaba ɗaya, in kuma aka ɗora masa kwano ya zama tanda. Ba shi ne na farko ba, yawancin masu yi da kyakkyawar niyya suke yi. Yanzu abin da za ta iya shi ne a cire ƙusoshin, a huda katakon ta gefe don iska, a yi masa rufin katako, a zagaya da shi bayan bishiyar inda inuwa take, a ɗaure. Tun da bishiyar ɗaya ce, iyayen za su bi kukan ɗansu su same shi. Amma daga tagar, ba abin da za a ƙara gani sai jikin bishiya. In kuma an bar shi yadda yake, ko da an cire kwanon, ba ta jin ɗan zai kai jibi.

Ya tambaya ko ba za a ɗan karkata shi kaɗan ba, rabi inuwa rabi taga. Ta girgiza kai. Ta ce za su je su zuba mai a mota su dawo, ya hau ya yi shawara da mai ɗakinsa. Saurayin ya sake hawa ya yafa wa akwatin wani tsohon buhu kafin su tafi.

Matakalar benen nan da ya sauko a guje, da ƙyar ya hau ta. A kowace kwana yana shirya ƙarya yana rushewa. Zai ce 'ya'yan sun girma sun tashi. A'a, ta fi shi sanin ba su isa ba. Zai ce hukuma ce ta zo da zalunci, ya yi iya yinsa suka fi ƙarfinsa. Wannan ta fi kama hankali, kuma za ta bar shi da mutuncinsa. Da wannan ƙaryar a bakinsa ya tura ƙofar ɗakin.

Iya na nan yadda ya bar ta, kanta a kan matashi dab da gilashi, rana ta rufe mata rabin fuska. Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, "Amarya," don haka yake kiranta tun gashinsu na baƙi. Ƙaryar da ya hau da ita ta ƙi fita. Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa.

Ta fara motsa baki. Tun da ciwon ya same ta magana ke yi mata nauyi, kalma ɗaya sai ta yi ta jan ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Shi kuwa ba ya iya jure ganin wahalar, da ta fara sai ya ƙarasa mata, ya amsa, ya tashi ya yi abin da yake zaton ta ce. Yau ba shi da bakin ƙarasa wa kowa magana, don haka ya yi shiru, ta samu fili.

Ta ce ta gani. Tun shekaranjiya uwar tsuntsayen ke tsayawa a bakin ƙofar akwatin, baki buɗe, fukafukai a sake, ba ta iya daɗewa a ciki. Ta so ta gaya masa. Ta huta, ta haɗiye yawu, ta tambaya ko akwai wanda ya rage. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya gaya mata abin da shugabar ta ce, bai rage komai ba, har da kwanon, har da cewa in an mayar da akwatin baya ita da ganinsa sai dai labari.

"A juya shi," in ji ta.

"To ke fa? Me za ki riƙa kallo?"

Ta daɗe kafin ta haɗa amsar, shi kuma ya danne harshensa da ƙyar ya jira.

"Maigida... ni ma... tun da ka kawo ni tagar nan... dafuwa nake yi."

Ya ɗago ya dube ta, irin duban da ya kwana biyu bai yi mata ba. Gumi ya jiƙa gefen ɗankwalinta, matashin ya yi duhu a inda wuyanta yake. Fatar kumatunta ta ɓangaren taga ta fi ɗayar baƙi. Ɓangaren da ya shanye ne, ba ta iya juyawa, ba ta iya kai hannu ta kāre. Shi kuwa kullum in rana ta karkata yana baranda yana 'yan gyare-gyarensa a inuwa, yana jin daɗin ya sama mata abin kallo. Ya tambaye ta don me ba ta faɗa ba. Gefen bakinta ya motsa, ta ce ta sha farawa, da ta ce "rana" sai ya ce ai kuwa yau rana ta yi kyau, ya fita. Daga baya kuma da ta ga irin murnar da yake yi, sai ta ƙyale shi.

Hawaye ya zo masa, bai ɓoye ba. Ita kuwa har da 'yar dariyarta, wadda ta fi kama da tari. Ta ce ya bar kuka, tsoho da shi, ya zo ya ja gadon tun ba ta ƙone ba.

Ya ja gadon zuwa bangon ciki, inda iskar ƙofa ke ratsawa. Ya jiƙa tawul ya goge mata fuska da wuya, ya sake mata matashi da ɗankwali, ya ba ta ruwa da cokali. Sannan ya fita baranda ya zaɓi wani sassauƙan katako, ya yanka daidai girman rufin, ya ɗauki abin huda katako ya sauka, wannan karon da takalmansa duka biyu.

Motar hukuma ta riga ta dawo. Ya ce a bar shi ya hau ya cire ƙusoshin da hannunsa, tun da shi ya buga. Shugabar ta ce ko kusa, dokar ba ta yarda ba, in ma ta yarda ita ba ta yarda ba. Sai ya riƙe tsani. Saurayin ya yi ta fama, don ƙusoshin sun shiga sosai, kowace ta fito sai ya miƙo wa tsohon ya ce, "Baba, ka iya bugu." Aka huda, aka rufe, aka zagaya da akwatin baya aka ɗaure. Suka koma gefe suka tsaya shiru. Uwar ta zo ta sauka inda akwatin yake a da, ta yi ta leƙe-leƙe, ta tashi, ta dawo. Can wani siririn kuka ya fito daga bayan bishiyar, ta zagaya.

Shugabar ta ce ya leƙo ofishinsu ranar da ya samu sarari a ba shi izinin, shi zai riƙa kula da akwatin, amma daga ƙasa. Ya yi mata godiya, ya yi wa saurayin, ya ce ya gaishe da mutan gida. Mai lemo ya ce dama shi tun farko ya san ma'aikatan nan mutanen kirki ne.

Da ya koma sama ya tarar Iya ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe, numfashinta na tafiya daidai. Rabon da ya ga ta yi barci da rana har ya manta. Ya lallaɓa ya ɗauko labulen daga inda ya ninke shi, ya nufi tagar zai mayar. Daga nan ba a ganin komai sai jikin bishiya da baƙar ɗamara da ta zagaye shi.

Bai rataya labulen nan take ba. Ya jawo kujerarsa zuwa inda kan gadon yake a da, ya zauna, ya kwantar da kumatunsa daidai inda nata yake kwanciya. Rana ta kama shi, gilashin ya ƙara mata ƙarfi. Kafin wani lokaci gumi ya fara gangaro masa cikin kunne, fatarsa ta fara zafi, hannunsa ya ɗaga da kansa zai kāre. Ya mayar da hannun kan cinyarsa, ya danne shi da ɗayan, ya ci gaba da zama.